Guntun madobiya a Sheffield

Yaya, assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kai da Inna da yara da duk mutanen Tudun Wada. Ka tambaye ni a wane kanti na sayi biron katakon nan da na aiko maka. Ba saya na yi ba, da hannuna na yi shi, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai game da shi.

A unguwar da nake a nan Sheffield ta ƙasar Ingila akwai wani ɗaki da dattawa ke haɗuwa da yamma suna sassaƙa, yawancinsu sun yi ritaya daga aikin ƙarfe, ka san garin da ƙarfe aka san shi. Ba da gizago suke yi ba. Inji ne yake juya itacen da gudu, kai kuma ka ɗora cizal a kan wani ƙarfe kana shafa masa a hankali har siffar ta fito. Ɗan'uwan injin nan ne na masu gyaran ƙarfe a kasuwar Panteka ta Kaduna, sai dai ƙarami, a kan tebur yake zama. Har ƙungiya suke da ita ta ƙasa baki ɗaya, tun 1987 aka kafa ta.

Ranar da na fara zuwa, wani dattijo ya sanya mini garkuwar fuska, ya tsaya a bayana ya riƙe gwiwar hannuna, ya ce kada in danna, in bar bakin cizal ya ci da kansa. Bai karɓi ko kwabo ba. Ɗan kuɗin shekara ake biya, shi ke nan, injuna da kayan aiki na kowa ne. Wannan ya burge ni ƙwarai, don a wurinmu sai yaro ya shekara yana shara da aike kafin maigida ya bar shi ya taɓa kayan aiki.

Biron kansa ba wani abin wahala ba ne. Guntun katako ne mai kaurin babban yatsa, tsawonsa kamar inci 5. A raba shi biyu, a huda tsakiya da ƙarfen milimita 7, a zura bututun tagulla da gam, a jera su a kan sanda a ɗaura a inji. In siffa ta fito sai samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, sannan a shafa sufa gulu siriri-siriri sau da yawa a goge, sai ka ga yana sheƙi kamar gilashi. Baki da marfi da tawada kuwa a ƙunshe ake sayar da su, fam biyu zuwa uku.

A nan ne suka fi mu, kuma gaskiya ce sai an faɗe ta. Ka yi odar kaya da dare ta waya, jibi ɗan aike ya jefo maka ta ƙofa. Sandar da na fara saya ta zo a lanƙwashe, na aika musu hoto, suka turo wata ba tare da ce-ce-ku-ce ba. Doka ma ta ba ka kwana 14 ka fasa cinikin abin da ka saya ta intanet. Wuta ba ta ɗaukewa kana tsakiyar aiki. Katakon kuma a bushe ake sayar da shi, an toshe bakinsa da kakin zuma don kada ya tsage. Na taɓa yin biro da ɗanyen reshe da na tsinta, mako biyu ya dare gida biyu.

To amma katakon fa, Yaya? Da yawa daga cikin mai darajar da ke kantunansu daga Afirka yake zuwa, irin su loko da dangin maɗaci da baƙin icen nan dangin kanya. Wata rana dattijon nan ya buɗe akwati ya fito da wani guntu da ya daɗe yana ajiya, yana riƙe da shi kamar ƙwai. Cizal na taɓa shi, launin ya bayyana, na gane madobiya ce. Wallahi sai da ƙirjina ya buga. Na tuna tirelolin da suka yi ta kwasar ta daga dazukan Taraba ana kai wa Caina, har aka sa ta cikin itatuwan da ba a fitarwa sai da takardar izini tun 2017. Na tuna ƙiryar da muke mayarwa gawayi buhu-buhu, da ɓarɓashin maɗaci da kafintoci ke zubarwa ko su ba masu ƙosai. Abin da ba ya isa hura wuta a gidanmu, biro biyu ne a nan.

Hannu kuma, ban ga wanda ya fi namu ba. Na nuna musu hoton turmin Inna da akushin Baba, na ce da gizago aka yi, babu inji babu awo. Sun daɗe suna miƙa wa juna wayar.

Cizal ɗinsu dai da tsada. Na kamfanin Robert Sorby a garin nan ake ƙera shi, amma kuɗinsa ba wasa ba, shi ya sa guda biyu kawai na mallaka. Na tabbata maƙeran Panteka za su fitar da makamancinsa daga sifirin mota, sai dai wasa shi akai-akai. Injin ma ina neman na hannu, kuma an yi dace wutar Ingila da tamu ɗaya ce, bolt 230, har filogin mai ƙafa uku iri ɗaya. Na Amurka ne ba zai yi ba sai da taransifoma. Ƙaramin janareta zai ja shi.

Ga roƙona. Ka bi wurin kafintocin unguwa ka tara mini guntayen maɗaci da kanya da tsamiya, ka shafa wa bakinsu kakin zuma ko kyandir, ka ajiye a inuwa cikin ɗaki, kada iskar hunturu ta buge su kai tsaye. Kada ka aiko da su, a can Kaduna nake so su bushe. In Allah ya kawo ni hutu zan zo da injin da kayan biro, mu fara da yaranka biyu, har carbi da marfin kwalbar turare za mu gwada. A gaida Inna, ka ce mata nata carbin na kanya zai zama in sha Allah.