FR-4 ko Rogers? Ga abin da na gani da idona

Ƙanena, ka tambaye ni wane allon lantarki za ka saya, FR-4 ko Rogers. Tunda a mitar 2.4 GHz za ka yi FSS ɗinka (allon da ke tace igiyoyin rediyo, ya tare wasu ya bar wasu su wuce), wato ka tare Wi-Fi, ka sayi FR-4, allon zaren gilashi mai rufin tagulla, ka huta.

Da shi na yi nawa a Samaru, a shekarar ƙarshe ta karatuna. Allo mai kaurin milimita 1.6, na jera masa zobba na tagulla masu kusurwa huɗu, kowane gefe ɗan sama da milimita 20. Tsawon igiyar a 2.4 GHz santimita 12.5 ne, zobe kuwa yakan tare igiyar da tsawonta ya yi kusa da kewayensa, allon kuma yana rage girman da ake buƙata. A robar wanki na zuba ferric chloride, ina jijjigawa a hankali a bayan ɗaki har tagullar da ba a so ta narke, zobban suka fito tsaf. Ranar da muka sa shi tsakanin eriya biyu, layin na'urar awo mai nuna ƙarfin igiyar da ta ratsa allon ya nutse ƙasa kusa da inda CST, manhajar gwada zane a kwamfuta, ta nuna mini. Wallahi har yau in na tuna sai na ji daɗi. Allon yana nan rataye a ɗakina.

Aibinsa ɗaya ne da zai dame ka: lambar dielectric ɗinsa, wadda ke nuna yadda allon ke rage gudun igiyar, ba ta tsaya wuri guda ba, wani 4.3, wani 4.5, ya danganta da wanda ya ƙera. Don haka mitar takan ɗan gota. Ka fara da ƙaramin allo, ka auna, sannan ka gyara girman zoben.

Rogers na da kyau, ban musa ba. Lambar asarar allon Rogers samfurin RT/duroid 5880, wato ma'aunin ƙarfin igiyar da allon ke shanyewa, 0.0009 ce, ta FR-4 kuwa wajen 0.02. Na taɓa odar sa daga waje, na yi makonni ina jira, a wannan mitar kuma ban ga bambancin da ya kai kuɗin ba. Sai ka haura 10 GHz zai yi maka rana.

Ka kula da masu sayarwa, musamman na intanet. Wasu za su miƙa maka allon takarda mai ruwan ƙasa, irin na cikin tsohuwar rediyo, su rantse FR-4 ne. Duba gefensa: na gaskiya za ka ga saƙar zaren gilashi, kuma ba ya karyewa da sauƙi. Wanda ya ce yana da Rogers da araha, ce ya nuna maka takardar kamfani kafin ka tura ko kwabo.