Rangadin Wesak a Kwala Lamfur: jagorar ta biya, motar ta ba mu kunya

Shekara uku ina karatu a Maleshiya, abin da na sani game da Wesak bai wuce cewa ranar hutu ce a watan Mayu ba, babu lacca. Bana wani abokina ɗan Katsina ya matsa mini lamba muka sayi tikitin wani kamfanin yawon buɗe ido don ganin wannan biki na mabiya addinin Buda. Sun yi alkawarin mota, jagora, wuraren ibada biyu da kallon jerin gwanon dare.

Da hantsi aka sauke mu a Buddhist Maha Vihara da ke unguwar Brickfields, wurin da 'yan asalin Siri Lanka suka kafa tun 1894. Jagorarmu wata dattijuwa ce 'yar asalin Sin, kowa Anti yake ce mata, mu ma muka bi sahu. Tun a bakin ƙofa ta dube mu ta ce ta san mu Musulmi ne, ba wanda zai sa mu rusuna ko mu kunna fitila, mu dai cire takalmi, kada kuma mu juya wa mutum-mutumin Buda baya don ɗaukar hoto. Nan hankalina ya kwanta, domin abin da nake fargaba ke nan tun a gida.

Ita ta bayyana mana cewa abu uku suke tunawa a rana ɗaya: haihuwar Buda, samun wayewarsa da rasuwarsa, duk a daren da wata ya cika. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta amince da ranar a 1999. Masu fararen kaya da muka gani zaune a ƙasa sun ɗauki alkawura takwas na yinin, ciki har da barin cin abinci bayan rana ta take tsaka.

Inda na fi daɗewa a tsaye shi ne wurin wankan jaririn Buda. Ɗan ƙaramin mutum-mutumi ne a tsakiyar kwano mai ruwa da furanni, hannunsa ɗaya na nuna sama. Mutane sun yi dogon layi, kowa ya ɗebi ruwa da ludayi ya zuba masa a kafaɗa. Wata yarinya da ba ta kai shekara biyar ba ludayin ya fi ƙarfinta, ta jiƙe rigarta sharkaf, kakarta na dariya. Anti ta ce zuciyarsu suke nufin wankewa daga haɗama da fushi. Furannin da suke ajiyewa kuwa, da gangan ake barin su su yi yaushi, don mutum ya tuna shi ma haka zai ƙare. A gefe ga fitilun mai jere kamar aci-balbal, ga hayaƙin turaren tsinke har yana sa ido hawaye, ga malamansu masu askin ƙwal-kwabo cikin mayafi ruwan goro suna ɗaura wa jama'a zare a wuyan hannu. Abinci kyauta ake rabawa, babu nama ko kaɗan. Na ci shinkafa da miyar ganye, ban raina ba. Har wurin ba da gudummawar jini suka tanada.

Wuri na biyu, Thean Hou da ke kan tudu, minti ashirin kawai aka ba mu. Hoto muka ɗauka muka fito.

Daga nan kamfanin ya fara kwafsawa. Duk wanda ya san garin ya san ana rufe hanyoyin Brickfields da yamma saboda jerin gwanon, amma direbanmu sai ka ce ranar ya fara aiki. Mun fi awa ɗaya a cunkoso, na'urar sanyaya motar ta mutu, kuma ba su ware lokacin Magariba ba duk da na rubuta a fom. Anti ce ta sa aka buɗe mana ƙofa, ta nuna mana inda za mu yi salla, sannan ta ja mu a ƙafa har muka riski motocin da aka ƙawata da fitilu, jama'a na bin su a hankali riƙe da kyandir da furen bado, tutoci masu launi biyar na kaɗawa.

Jagorar ta ci kuɗinta har da ƙari. Kuɗin mota kuwa asara ce, domin daga tashar jirgin ƙasa ta KL Sentral zuwa Maha Vihara tafiyar ƙafa ce kaɗan. Can ɗin ma muka taka da kanmu bayan an tashi. Muna cikin jirgi, mun wuce tasha biyu, sai ga direban ya kira yana tambayar inda muke tsaye.