Jarin wa za ka karɓa don kamfanin manhajarka?

Idan manhajarka ta fara samun masu amfani, kuɗin faɗaɗa ta daga ɗayan wuri uku zai fito: cinikinka, tallafi, ko masu zuba jarin kasada, waɗanda ke ba da kuɗi su karɓi kaso a kamfanin.

Na ukun ya fi ɗaukar ido. Tun 2022, Y Combinator, cibiyar Amurka mai shirin renon sabbin kamfanoni, na ba kamfanin da ta ɗauka dala 500,000: dala 125,000 a madadin kashi 7 cikin 100 na kamfanin, sauran dala 375,000 kuma su rikiɗe su zama hannun jari idan an sake tara kuɗi. Paystack ta Legas, mai harkar biyan kuɗi ta intanet, ta shiga shirin a 2016, a 2020 kuma Stripe, kamfanin Amurka mai irin wannan harka, ya saye ta a kan sama da dala miliyan 200.

Amma ka san da wa za ka ƙulla. Asusun irin waɗannan masu jari yawanci shekara goma ake ɗibar masa, kuma da yawa daga kamfanonin da suka zuba wa kuɗi durƙushewa suke yi, sai ƴan kaɗan da suka bunƙasa su cike gurbin asarar. Saboda haka ribar da za ta riƙe ka da ma'aikatanka ba ta gabansu. So suke kamfanin ya yi ta ninkuwa cikin gaggawa, a sayar, su fita. Kai kana ciniki da naira, su da dala suke lissafi. Kafin ka sa hannu, lauya ya duba maka sharaɗin da ya ce idan an sayar da kamfanin su za su fara kwashe kuɗinsu. In an sayar da araha, kana iya tashi a tutar babu.

Tallafi ba ya cin kaso. Gidauniyar Tony Elumelu na ba da dala 5,000, ba a mayarwa. Za su ishe ka rajista a CAC (hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya), kwamfuta da gwajin farko, ba albashin shekara ba.

Dogaro da ciniki kuwa tafiyar hawainiya ce, sai dai kamfanin naka ne. Mailchimp, kamfanin aika saƙonnin talla ta imel da aka kafa a 2001, bai karɓi jarin kasada ba har kamfanin manhajar lissafin kuɗi Intuit ya saye shi a 2021 a kan kusan dala biliyan 12.

A ganina, in manhajarka ta lissafin shago ce da ƴan Kantin Kwari za su riƙa biya wata-wata, fara da kuɗinsu. Jarin kasada sai kasuwar da ke bukatar kuɗi masu yawa tun kafin riba ta zo, kamar harkar tura kuɗi.