Asibitin masu ciwon suga: likita ya kyauta, kantin magani ya ɓata min rai

Na daɗe ina ganin likitoci kan ciwon suga, kullum abu ɗaya ne: awon suga, awon hawan jini, a duba ƙafa, a sake rubuta maganin suga metformin. A wannan asibitin da na koma, sai likitan ya sallami ɗaliban da ke tare da shi, ya tura ƙofa, ya ce, "Alhaji, yaya sha'anin iyali? Ƙarfin yana nan kamar da?"

Wallahi ba wanda ya taɓa yi min wannan tambayar, alhali ita ce ta fi damuna. Da ma abokai sun ce basir ne ko sanyi, na sha jiƙe-jiƙen tasha ba adadi. Likitan ya karanta min tambayoyi 5 na takardar auna ƙarfin namiji da ake kira IIEF-5, yana fassara min da Hausa. Maki mafi yawa 25 ne, wanda ya samu 21 zuwa ƙasa akwai rauni. Nawa ya faɗo ƙasa sosai. Ya yi min bayani cewa suga idan ya daɗe a sama yana lalata ƙananan hanyoyin jini da jijiyoyin da ke kai saƙo ga mazakuta, kuma kusan rabin maza masu ciwon suga suna fama da hakan. Abin da ya fi tsorata ni shi ne, hanyoyin jinin gaba sun fi na zuciya ƙanƙanta, saboda haka su ke fara toshewa, shekaru kafin ciwon zuciya ya bayyana. Nan take ya tura ni awon zuciya da HbA1c (awon jinin da ke nuna yadda suga ya kasance a 'yan watannin baya), ya kuma tabbatar ba na shan maganin ciwon ƙirji irin nitrate kafin ya rubuta sildenafil, maganin ƙarfin maza, domin haɗa su na iya faɗar da jini ƙasa warwas. Allah ya saka masa.

Amma fa da na je kantin maganin asibitin, yarinyar da ke taga ta ɗaga murya ta kira sunana da sunan maganin, ga layi cike da mata, har da 'yar unguwarmu. Haba! Sirrin da likita ya rufe ƙofa dominsa? Sannan awon testosterone, wato sinadarin mazantaka, sai da sassafe ake ɗibar jinin, ba wanda ya gaya min sai da na yi zuwan banza da rana aka ce lokaci ya wuce.

Likitan zan ci gaba da gani. Maganin kuwa, a waje zan riƙa saye.