Zama a lardi ko tafiya Otawa, wanne ya fi wa Tommy Douglas?

Ni dai kullum in na duba tarihin Tommy Douglas, ɗan siyasar Kanada, sai in ga kamar zamansa a lardin Saskatchewan ya fi masa albarka nesa ba kusa ba. Shekara 17 yana firimiya, wato shugaban gwamnatin lardin, daga 1944 har 1961, kuma a Kanada harkar lafiya a hannun larduna take, shi ya sa a 1947 ya iya kawo inshorar asibiti ga kowa da kowa, talaka ya kwanta a gadon asibiti ba sai ya sayar da gonarsa ba, wallahi wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

To sai ya ajiye kujerar ya nufi Otawa, babban birnin ƙasar, don shugabancin sabuwar jam'iyyar NDP (New Democratic Party) ta tarayya. A zaɓen 1962 ko kujerar majalisa ta Regina, babban birnin Saskatchewan, bai samu ba, sai a lardin British Columbia ya shiga majalisa daga baya, har ya sauka daga shugabancin jam'iyyar a 1971 bai zama firaminista ba.

Amma fa a faɗi gaskiya, a Otawa ɗin ma ya yi rana, matsin lambar jam'iyyarsa ya taimaka aka yi dokar 1966 da ta kai inshorar ganin likita ga ƙasar baki ɗaya. Duk da haka na fi ganin girmansa a lardi.