Kuba mai makullin bututu: abin da mai koyon buɗewa zai fara saya, da abin da zai jinkirta

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban injin sayar da ruwa da lemo a asibiti ko a filin jirgin Jidda ya ga irin wannan kuba. Ramin makullinta zobe ne, da ɗan ginshiƙi a tsakiya, makullin kuma guntun bututu ne mai 'yan gurabe a gefen bakinsa. Kamfanin Chicago Lock na Amurka ne ya yaɗa ta da sunan Ace tun 1933, har yau kuma ana sa ta a injinan kuɗi, akwatunan wuta, durowar ofis da kwaɗon keke. Akwai jama'a da dama a duniya da suka mayar da buɗe ta ba da makulli ba abin wasa ƙwaƙwalwa, kamar dara. Matasanmu na Jidda da Makka da Madina da suka ga abin a YouTube tambayarsu ɗaya ce: wane ƙarfe zan saya? Amsarmu ita ce kuɗinka ya fara tafiya kan kubobi, ƙarfen buɗewa ya biyo baya, domin kubar da ke hannunka ita ke faɗa maka ƙarfen da zai yi mata.

Kafin ciniki, ga sharaɗi biyu da ƙungiyoyin wannan wasa irin su TOOOL, wadda ta samo asali a Holan, suka tsaya a kai: kada ka taɓa kubar da ba taka ba sai da izinin mai ita, kada kuma ka yi gwaji a kan kubar da ake amfani da ita, ko da taka ce. Mu da muke zaune a Saudiyya da iƙama, wato katin izinin zama, sai mu ƙara na uku. Kafin ka yi odar ƙarfe daga waje, tambayi hukumar kwastam ta ZATCA ko za a bar shi ya shigo, in ya iso kuma ya zauna a gida, kada ya kwana a aljihu ko a mota.

Sai ka san cikinta kafin ka gane bambancin kaya. Fil-fil ɗinta, wato 'yan gajerun sandunan ƙarfe da ke hana ta juyawa, a jere suke a da'ira, yawanci guda 7, wasu 8, wasu 10. Kowane rami yana da fil na gaba wanda makulli ke turawa, da fil na baya, da sifirin, wato 'yar naɗaɗɗiyar waya mai turo su gaba, a ƙarƙashinsu. Idan mahaɗar kowane fil biyu ta daidaita da layin da ke tsakanin ɓangaren da ke juyawa da wanda ke tsaye, kuba ta buɗe. Tazarar zurfi ɗaya zuwa na gaba ba ta wuce kusan milimita 0.4 ba, shi ya sa hannu mai nauyi ba ya cin riba a nan.

Kubobin gwaji kala uku ne a kasuwa. Na farko mai jikin roba garau, wadda ake ganin fil-fil ɗinta suna motsi. Tana da amfani na dare ɗaya ko biyu, ka ga abin da ke faruwa da idonka. Bayan nan ta gama aikinta, don ramukanta a sake suke, abin da yatsa zai ji a cikinta ba shi zai ji a ta ƙarfe ba. In ka samu wadda aka yanke gefenta ta tagulla, ta fi ta roba nesa ba kusa ba.

Na biyu su ne kubobin durowa da kabad marasa suna, 'yan Sin, masu fil 7. Ana samunsu a shagunan masu yanka makulli, da Amazon.sa da Noon, wani lokaci a Haraj na Sawarikh, kasuwar gwanjo ta Jidda, a jikin tsofaffin kabad ɗin ofis. Sayi uku ko huɗu masu makulli daban-daban, kada ka sayi fakitin da makulli ɗaya ke buɗe su duka, don in haka ne kuba ɗaya ka saya sau huɗu. Ka duba makullin kafin ka biya: nemi ɗaya mai gurabe kusan daidai da juna, da wata wadda gurbi mai zurfi ke maƙwabtaka da marar zurfi. Ta biyun ita za ta koya maka kiyaye fil ɗin da ke kusa.

Na uku su ne waɗanda suka cancanci a kira su masu tsaro sosai, kuma a nan ne kuɗi ke ɓata in ba a yi hattara ba, saboda rubutun kwali ba hujja ba ne. Ace II ta Chicago, wadda yanzu ke ƙarƙashin kamfanin CompX, ita ce mizanin da masu wannan wasa ke auna kansu da shi. Abin da ke sa irinta tauri abu uku ne. Sifirin ɗin ba ƙarfinsu ɗaya ba, wani mai tauri wani mai laushi. Aikin injin a matse yake, ba wasa tsakanin fil da raminsa. Wasu kubobin kuma suna da fil na yaudara, mai siririn ƙugu ko mai tsaga-tsaga, wanda zai maƙale ya sa ka ji kamar ya zauna alhali bai kai ba. Akwai kuma Van Lock, wadda fuskarta a shafe take, fil-fil ɗin daidai da fuskar, babu ginshiƙin da za ka kama ka murɗa. Wannan ta shekara ta biyu ce, kada ka fara da ita. Sannan in mai sayarwa yana yabon ƙarfe mai tauri a tsakiyar kuba, ka sani wannan maganin mai huda ta da injin ne, ba ya ƙara wa mai buɗewa da hannu wahalar komai. Kada ka biya kuɗinsa don wasa.

Yanzu ƙarfen buɗewa. Wanda ya fi jan ido shi ne mai kama da sukudireba, bakinsa bututu, da allurai 7 ko 8 kwance a jikinsa suna zamewa gaba da baya, zoben roba ko ƙwanƙwaso mai murɗawa yana riƙe da su. Ana daidaita kan alluran a kan teburi, a shigar da shi a miƙe, a riƙa turawa a hankali ana ɗan karkaɗa shi hagu da dama. Fil ɗin da ya cije shi ke tura allurarsa baya kaɗan-kaɗan har ƙarfen ya ɗauki siffar makullin. A kan kuba mai arha abin ba ya ɗaukar lokaci. Wannan raunin ne ya fito fili a 2004, lokacin da aka nuna wa duniya ana buɗe wasu kwaɗunan keke na Kryptonite da bututun biro na Bic, har kamfanin ya canza wa mutane su.

Irin wannan ƙarfe kashi biyu ne. Akwai fakitin guda uku na Sin, irin na HUK, masu faɗin milimita 7.0 da 7.5 da 7.8. Alherinsu shi ne sun rufe girman da ya fi yawa a kasuwa da kuɗi kaɗan. Aibinsu roba kaɗai ke riƙe alluran, ba ka da ikon ƙara matsi ko rage shi sai dai ka ƙara zobe ko ka cire, kuma gefen alluran yakan zo da kaushi, sai ka goge shi da samfefa mai laushi, lamba 1000. Sai na kamfanonin Amurka irin su SouthOrd da HPC da Peterson, masu ƙwanƙwason da ake murɗawa. Ƙarfensu ya fi kyau, matsinsu yana hannunka, kuma in kuba ta buɗe za ka iya ɗaure alluran ka karanta zurfin kowacce. Amma a yawancinsu kowane ɗaya girma ɗaya yake yi da adadin fil ɗaya, farashinsa kuma ya ninka na fakitin Sin ɗin gaba ɗaya. In da dala aka rubuta kuɗin, ninka shi da 3.75 ka samu riyal, ka ɗora kuɗin jigila da harajin kashi 15 cikin ɗari kafin ka yanke shawara.

Kuskuren da ya fi cin kuɗin masu farawa shi ne girma. Waɗannan lambobi faɗin ginshiƙin tsakiya suke nufi. Ƙarfen 7.8 a kan kuba 7.0 zai yi ta lilo, alluran su sauka a gefen fil. Na 7.5 a kan 7.8 ba zai shiga ba, in ka matsa masa bakin ya tsage. Saboda haka ma'aunin kauri mai baki biyu, irin na dijital da makanikai ke riƙewa, ya riga kowane ƙarfe shiga jakarka. Ka ƙirga fil ɗin kuma, ka duba inda suke dangane da tsagar da ke jikin ginshiƙin, inda ƙullutun cikin makulli ke shiga, don akwai masu fil 7 da aka gusar da da'irarsu hagu ko dama, ƙarfen gama-gari ba ya hawa kansu.

Sauran matsalolin na hannu ne. Matsi ya yi sako-sako, sifirin zai kore alluran duka baya. Ya yi tsanani, alluran ba za su motsa ba, su danne fil ya wuce wurinsa. Ka murɗa da ƙarfi, allura ta lanƙwashe ko ɗan haƙorin da ke cikin bakin ƙarfen ya karye, shi ke nan ƙarfe ya mutu. Kada kuma ka sa wa alluran mai, domin da santsi ba za su riƙe matsayinsu ba.

To ga inda maganar take. Wannan ƙarfe ya dogara ne da cewa duk sifirin ƙarfinsu ɗaya. A kan kuba mai sifirin iri-iri, matsin da ya dace da mai laushi ya yi wa mai tauri kaɗan, sai ya tura allurarsa fiye da kima. Shi ya sa mutum zai kashe kuɗi masu yawa ya ga ƙarfensa ya kasa Ace II, ya ɗauka jabu aka sayar masa. Wanda burinsa kubobi masu tsaro ne, abin da zai saya ya fi arha: ɗan ƙarfen murɗawa da aka yi don wannan kuba, wanda ke kama tsagar ginshiƙi, da tsinken ƙarfe siriri mai miƙaƙƙen baki. Sparrows na Kanada suna yin irin wannan abin murɗawa. Da su ake bin fil ɗaya bayan ɗaya, a ɗan murɗa kaɗan, a nemi wanda ya cije, a tura shi har a ji ɗan ƙas a yatsa. In ka ji ginshiƙi yana son komawa baya yayin da kake tura wani fil, mai siririn ƙugu ne, sai ka sassauta murɗin ya wuce. Zaɓi abin murɗawa wanda ba ya rufe fil ko ɗaya, kuma wanda hannunsa bai yi tsawo ba, don dogon hannu yana ɓoye maka yawan ƙarfin da kake sawa. Ƙara da ƙaramin abin damƙa na teburi, irin na masu gyaran agogo, saboda riƙe kuba a tafin hannu yana cinye rabin abin da ya kamata yatsa ya ji.

Akwai abin da ke firgita kowa a karon farko, gara ka shirya masa tun wajen saye. Kuba mai fil 7 gurabe takwas ne a da'irarta, digiri 45 tsakanin kowanne. Ka buɗe ta da tsinke, ta juya digiri 45, sai fil-fil na baya su faɗa ramukan gaba ta sake kullewa. Mai buƙatar digiri 90 sau biyu za ka buɗe ta, mai 180 sau huɗu. In ta tsaya a tsakiya, makullinta ma ba zai shiga ba, domin ɗan ƙullutun da ke bayan makullin bai yi daidai da tsagar waje ba. Don haka kada ka sayi kubar gwaji mai makulli ɗaya. Ka tabbata biyu ne, ka goge ƙullutun waje na ɗaya da zarto, ka bar na ciki. Wannan makullin zai shiga a kowane gurbi ya mayar maka da ita.

Ajiya kuma ta danganta da garin da kake. Iskar Jidda da Yanbu mai laima ce da gishirin teku, alluran Sin kan fara tsatsa cikin ɗan lokaci in an bar su a fili, sai a goge su da busasshen ƙyalle a rufe a akwati da 'yar jakar shan laima irin wadda ke zuwa a kwalin takalmi. A Riyad ƙura ce matsalar, kuma man da ke jiƙe yana tara ta ya zama laka a ramin fil, ya sa sifirin mai laushi ya daina dawowa. A cikin kuba a yi amfani da busasshen mai na feshi mai sinadarin santsi na PTFE, feshi ɗaya, a shigar da makulli sau biyar ko shida, a goge abin da ya fito. Zoben roba kuwa kada ya kwana a mota da rani, zafi yana busar da shi ya tsattsage, saboda haka ka haɗa da 'yan zobba na canji tun a odar farko.