Wata biyu da manhajar Merriam-Webster: ashe shirme ma hawa-hawa ne

Aikin fassara ne ya kai ni ga wannan manhaja. An ba ni wata muhawarar 'yan siyasa in mayar da ita Hausa, sai na jefa kalmomin Turanci biyar, wato gibberish, drivel, hogwash, claptrap da bunkum, cikin wata manhajar fassara da nake da ita a waya. Duka biyar ɗin ta ce mini "shirme". Haba! Shi ya sa na sauke manhajar ƙamus ɗin Turanci ta Merriam-Webster, yau wata biyu ke nan.

Abin da ya kama ni shi ne asalin kalma da take kawowa a ƙasan ma'ana. Da ka ga tushen, ka gane inda za ka ajiye ta. Gibberish sauti ne da ba a fahimta sam, kamar sambatun mai zazzaɓi. Drivel daga dalalar miyau ta samo asali, wato zancen da ke zuba daga baki ba tare da ya bi ta ƙwaƙwalwa ba. Hogwash kuwa ragowar abinci ce da ake zuba wa alade, ka ga akwai raini a ciki, ba soki-burutsu kawai ba.

Guda biyu ne suka fi yi mini amfani. Claptrap maganar neman tafi ce, irin ta mai hawa mumbari ya ga jama'a sun yi sanyi sai ya saki romon baka. Bunkum kuma sunan wuri ne, gundumar Buncombe a jihar North Carolina ta Amurka. Wakilinta a majalisa ne ya tashi ya yi ta zuba jawabin da bai shafi batun da ake kai ba, aka nemi ya zauna, ya ce shi da mutanen Buncombe yake magana. A shekarar 1820 aka yi wannan, amma da na karanta sai da na yi dariya ni kaɗai, don kamar na san mutumin. A fassarata na sa "zancen a-ji-a-gida".

Mai shirin saukewa ya sani cewa ƙamus ɗin Amurkawa ne. Mu da muka tashi da Turancin Ingila, bakinmu ya fi sabawa da rubbish, su kuwa baloney suke cewa. Akwai maɓallin jin lafazi, na danna na poppycock ya fi sau goma, har ƙanwata ta leƙo ta ce, "Yaya, lafiya kuwa?"